Iortyer a Gaban Mota

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a tashar jirgin ƙasa ta Lafiya a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ya san Iortyer, ko da bai iya faɗin sunan ba. Shi ne dogon ɗan Tibin nan mai furfura a gemu, wanda yake saɓa buhun riɗi a wuya ya tafi da shi yana waƙa ƙasa-ƙasa cikin yarensu. Dako ne sana'arsa. Hausawan tasha sun yi fama da sunan har sun gaji, suka koma kiransa Dogo, shi kuwa duk wanda aka kira amsawa yake yi, in dai akwai kayan ɗauka.

Ba a Lafiya aka haife shi ba. Garinsu yana can gabas, bayan Arikya, a bakin wani ruwa da ake kira Tafkin Shamuwa. Yana saurayi aka aiko a ba da mutanen aikin hanya, kowane gida mutum guda, ubansa ya duba 'ya'yansa ya ba da wanda ya fi ƙashi. Da diga da kwando suka yanko hanyar tun daga bakin tafki, suna sare daji, suna jera duwatsu a rafuka, shugaban leburori na bayansu yana tsawa. Da aiki ya ƙare kowa ya koma gonarsa, shi kuwa ya ce sai ya ga inda hanyar ta nufa. Ya bi ta har Lafiya, ya ga jirgi, ya zauna. Daga baya ya koma ya auro Nguavese, ta zo tana gasa doya a ƙofar tasha. A cikin 'ya'yan da suka haifa mata biyu suka rayu, su ma aure ya kai su nesa.

Abin takaicin shi ne, mutumin da ya haƙa hanya da hannunsa, ya kuma tsufa yana loda wa motoci kaya, bai taɓa zama a gaban mota ba. A wancan zamani gaban mota na attajirai ne da malaman ofis. Talaka in ya samu, baya ne nasa, bisa buhuna, tare da awaki. Iortyer ko wannan bai cika yi ba. Kowace shekara in bazara ta kama sai ya ɗaure ƙunshinsa ya taka zuwa gida, ya ce zumunta a ƙafa take.

Su ne yake kai shi, wato kamun kifi na gayya. Tafkin Shamuwa ba a taɓa kifinsa duk shekara, sai ƙarshen rani in ruwa ya ja baya, an yi yayyafin farko. Sannan dattawa su sa rana guda, gari duka ya faɗa ciki da homa da gora da mashi, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Kifin wannan rana shi ake ƙyafewa a ci har kaka, shi ne miyar gari a watannin da rumbu ke yin ƙasa. Kuma tafkin yana da doka guda, wadda Tibi suka tarar a wurin waɗanda suka riga su zama, suka riƙe ta fiye da masu ita: ranar su ba a kukan mutuwa. In aka ji kuka kafin mutum na ƙarshe ya fito daga ruwa, su ya ɓaci, duk abin da aka kama a mayar, sai baɗi. Iortyer ya shiga coci daga baya, yana zuwa ran Lahadi da farar rigarsa, amma wannan doka bai taɓa wasa da ita ba.

Amininsa a tasha shi ne Ɗanmusa, Bagwandaren Shabu, direban wata ƙaramar motar kaya da ake kira kitika, ta wani attajiri Alhaji Mahmuda. Ɗanmusa gajere ne, mai saurin fushi da saurin hucewa, yana ji da motar nan kamar shi ya haife ta. Iortyer ya girme shi nesa ba kusa ba, amma duk inda suka haɗu sai an taɓa.

"Sarkin dako," in ji Ɗanmusa, "yau ma ɓera aka gasa maka?"

"Direba, motanka ɗin nan yana tari kaman tsohon akuya. Ka kai shi asibiti mana."

A shekarar da muke magana, tarin sai ya faɗa wa Iortyer. Tun kaka ya fara, ya ƙi tafiya. Ƙafafu suka kumbura, buhun da yake wasa da shi ya gagare shi. Disfensa ya ba da magani har ya daina bayarwa, ya ce wa Nguavese ta kai mijinta gida. Kowa ya san abin da wannan magana take nufi.

Wata safiya Ɗanmusa yana zuba wa motarsa ruwa sai ga Nguavese, ta tsaya daga gefe ta gaishe shi.

"Malam Ɗanmusa, jibi ne su. Mutuminka ya ce yana so ya ga ruwan da idonshi. Ƙafa kuma babu."

Ɗanmusa ya daina zuba ruwan. Direbobi ba sa son ɗaukar wanda ya yi nisa. In mutum ya cika a mota, dole a yanko ɗanyen ganye a ɗaura gaba da baya, kowa ya gani ya kauce, kuma motar da aka taɓa gani da ganye matan kasuwa sukan daɗe ba su hau ta ba. Amma da wane baki zai ce wa matar Iortyer a'a? Ya je ya samu Alhaji Mahmuda, aka yi sa'a yana da irin doya da za a kwaso masa a wajen Arikya.

"To, ka je," in ji Alhaji. "Amma ka shimfiɗa masa tabarma a baya. Ban ce gaba ba. In kuma Allah ya yi ikonsa a hanya, ka san abin da ake yi."

Ranar su, gari na wayewa, aka kwantar da Iortyer a baya, Nguavese ta zauna kusa da kansa. Ba su ko bar gari ba Ɗanmusa ya ji ana buga masa rufin mota. Ya tsaya ya zagaya da sauri.

"Direba," in ji Iortyer, muryar da ƙyar take fita, "a nan sama kawai nake gani. Sama kuwa akwai shi a Lafiya."

Ɗanmusa ya dubi hanya, ya dubi gefen gidan Alhaji, ya yi tsaki. Sai ya sunkuya ya sungumi mutumin, ya ji shi sakayau kamar damin kara, abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai. Ya zaunar da shi a gaba wajen taga, ya tokare shi da buhun tsumma. Nguavese ta matso bayan kujera, ta zuro hannu ta 'yar tagar da ba ta da gilashi, ta dafa kafaɗar mijinta.

Iortyer ya shafa kujerar, ya shafa katakon gaba. "Ashe haka kuke jin daɗi," ya ce. "Munafukai."

Suka bi ta Shabu, suka karkata gabas. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta kwanta, iska na kawo ƙamshinta. Inda aka ƙone daji da rani, sabuwar ciyawa ta tsatso kore shar a kan baƙin toka. Mangwaro ya nuna har yana zuba a hanya ba mai ɗauka. Gonakin doya sun miƙe hagu da dama, an tara ƙasa tuli-tuli, kowane tuli da 'yar hularsa ta busasshiyar ciyawa don kada rana ta dafa irin. Ɗanmusa ya bi hanyar nan ba adadi, amma shi direba rami yake gani da gada. Ran nan ne aka nuna masa sauran.

"Tsaya," in ji Iortyer, da suka iso wani kwalbati.

"Sarkin dako, rana tana yi. Ka ce ruwa kake so ka gani."

"Sauri ya haifi nawa. Tsaya ka duba ƙasa."

Ɗanmusa ya sauka ya leƙa. Duwatsu ne jajaye a jere, kowanne ya zauna a kan ɗan'uwansa ba siminti, ruwa siriri yana bi ta tsakani.

"Ni na jera shi," in ji Iortyer. "Daga dutsen can muka ɗauko a kai. Ka taka shi da motanka shekara da shekaru, ko sannu ba ka taɓa yi mani ba."

"To, sannu."

"Ya yi latti. Mu tafi."

Gaba kaɗan suka tarar da Fulani sun tayar da ruga za su yi arewa, don sun ga alamar damina. Shanu suka cika hanya, farare masu dogayen ƙaho, belbela na bin ƙafafunsu, mata da ƙore a kai, an ɗaure ɗan maraƙi a bayan takarkari. A ran da ba wannan ba da Ɗanmusa ya cika daji da oda da zagi. Ya kai hannu zai danna, Iortyer ya ce ya bar su, su ma gida za su. Suka zauna har garken ya wuce, Ɗanmusa yana kallon rana tana hawa, yana jin numfashin da ke kusa da shi yana yin gajere.

Bayan Arikya hanya ta tsuke, ta shiga ƙasar fadama. Nan ruwa ya fara bayyana: ƙananan tafkuna a warwatse, wasu sun ƙafe sai tsattsagaggen laka, wasu bado ya rufe su da fararen furanni. Tukurwa ta yi duhu a bakin rafuka. A kan wani falalen dutse gwaggon biri sun zauna da iyalinsu suna duban mota, babbansu ko motsi bai yi ba.

"Ga Alhajinka can," in ji Iortyer. Dariya ta zo masa, tari ya kama shi, ya daɗe bai sake shi ba. Nguavese ta miƙo ruwa a gora, ya jiƙa leɓe kawai.

Sai suka shiga giginyu. Dogaye ne, sun yi sahu kamar da gangan aka shuka su, iska na kaɗa ganyensu da wani irin amo. Iortyer ya ɗaga yatsa, Ɗanmusa ya tsaya ba a roƙe shi ba.

"Akwai wani Terngu," in ji Iortyer. "Tare muka zo aikin hanya. Zawo ya kashe shi a nan. Mun binne shi ƙarƙashin wancan mai karkata, ba uwa ba uba. Kowane shekara in na zo wucewa ina gaya mashi labarin gida." Ya juya fuska wajen taga ya yi magana cikin Tibi, 'yar kaɗan, a hankali. Ɗanmusa bai ji abin da ya ce ba, amma ya ga Nguavese ta kawar da kai.

"Me ka ce masa?"

"Na ce bana a mota na zo." Ya huta. "Direba, kada ka yi wannan fuska. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kai ma wata rana wani zai tuƙa ka."

"Allah ya sa mu cika da kyau."

"Amin. Yanzu ka taka. Ina so in gani."

Ɗanmusa ya taka. Tsoro ya shige shi sosai, ba na ganye ba kuma, ba na Alhaji ba. Tsoronsa kada ya kawo mutum har nan ya kasa ƙarasa masa ɗan abin da ya rage. Don ya riƙe shi a farke sai ya shiga surutu, shi da bai iya lallashi ba. Ya ce ga ɗorawa can ta yi 'ya'ya, bana za a sha daddawa. Ya ce ga shamuwa sun cika kan rimi, ashe sun riga mu isowa, damina ta tabbata. Ya ce ga wata gada ta itace, wannan ma kai ne, ko? Iortyer yana amsawa da "Uhm", daga baya da gyaɗa kai, daga baya Ɗanmusa ya daina waiwaye don hanya ta yi yashi, sitiyari na neman ƙwacewa.

Akwai wani tudu kafin gari. Kitika ta hau shi tana nishi, da ta kai ƙoli sai ƙasa ta buɗe. Ga Tafkin Shamuwa shimfiɗe a ƙasa, yana ƙyalli, gefensa kore, tsakiyarsa baƙi ƙirin da mutane. Ganga na tashi, ihu na tashi, homa na ɗagawa suna sauka, tsuntsaye sun yi gayya a sama suna jiran rabonsu.

"Sarkin dako, ga shi nan!" in ji Ɗanmusa. "Ga ruwanka!"

Bai amsa ba. Idanunsa a buɗe suke, suna duban gaba, kansa ya jingina da ƙarfen taga.

Ɗanmusa ya taka birki. Salati ya taho masa da ƙarfi har bakinsa ya buɗe, sai ya ji an damƙe masa kafaɗa ta baya.

"Malam," in ji Nguavese. "Kada ka yi."

"Ya cika, Mama. Ya cika."

"Na sani. Tun gadan itace hannuna ya ji." Muryarta a daidai take, amma yatsunta sun nutse masa cikin nama. "Mutane suna cikin ruwa. In ka ɗaura ganye, mata za su gani daga can, za su yi kuka. Abincin shekara ne. Shi ba zai yarda ba."

Tun gadar itace. Ashe shi kaɗai ya yi ta zuba, matar nan tana riƙe da mijinta ta bar shi yana nuna masa hanya. A addininsa mamaci ba a jinkirta shi, a sana'arsa gawa ba a ɓoye ta. Ya dubi dajin da ke gefe, ganye ko'ina, hannu kawai zai miƙa. Ya dubi tafkin. Ya yi innalillahi a cikin zuciyarsa, ya cire hularsa ya sa wa Iortyer, ya jawo ta ta rufe goshi. Sannan ya sa giya.

A hankali ya gangara, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da rigar amininsa. Motar da ke shigowa gari ranar biki ba ta shigowa shiru, in ta yi shiru ma abin tambaya ne, don haka ya danna oda. Mutanen cikin ruwa suka ɗago. Wani ya gane gemun, ya ƙwala ihu, maganar ta bi tafkin daga wannan baki zuwa wancan. Ɗanmusa bai iya Tibi ba, amma sunan ya ji, kuma ya ji murnar. Iortyer ya zo, kuma a gaban mota.

Ya tsaya a ƙarƙashin wata ƙirya, nesa kaɗan da gaɓa, inda ake ganin ruwa duka. Tsofaffin matan da ke tsaron kifi suka taso za su gaisa, Nguavese ta sauka ta tare su da fara'a, ta ce hanya ta gajiyar da shi, a bar shi ya huta. Suka ɗaga hannu daga nesa suka koma.

Mutum ɗaya ne bai tsaya ba. Ugondo, ƙanen Iortyer, ya fito daga ruwa laka har ƙirji, da ƙatuwar tarwaɗa a hannu, yana dariya tun daga nesa. Ya iso taga, ya ɗaga kifin, ya fara magana. Sai maganar ta tsaya. Ya kai hannu ya taɓa na wansa. Ya dubi Nguavese, ya dubi Ɗanmusa da ke zaune ba hula. Ya cije leɓensa. Ya ajiye tarwaɗar a kan bonet a hankali, ya juya ya fuskanci tafki, ya ɗaga hannu biyu ya yi kira da ƙarfi, jama'a suka amsa da shewa. Ya koma ruwa da gudu, ya nutsa kansa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Me ya gaya musu?" in ji Ɗanmusa.

"Ya ce yayansa ya ce su ƙara himma," in ji Nguavese.

Haka suka yini. Rana ta take, ƙarfen mota ya yi zafi, Ɗanmusa na zaune kafaɗa da kafaɗa da mamaci yana kore masa ƙuda. Da azahar ta yi ya sauka ya yi salla a gindin ƙirya, Nguavese ta hau ta riƙe, ya idar ya dawo ya karɓe ta. Ba ta ci komai ba, ba ta sha ba. Tana tsaye jikin mota, duk wanda ya ɗago mata kifi daga ruwa sai ta ɗaga masa hannu. Ɗanmusa ya ga jarumai a hanya, amma bai taɓa ganin abin da ya kai wannan ba, kuma har ya tsufa in ya tuna sai idonsa ya kawo ruwa.

Da rana ta yi sanyi aka busa ƙaho. Mutane suka fara fitowa, kwanduna cike, yara na jan kifin da ya fi su. Gaɓa ta cika da hayaniya. Ugondo ya ƙi fitowa. Ya tsaya cikin ruwa yana duba kowane lungu, yana kora masu nawa, har ya tabbata ba sauran kowa. Sannan ya tako a hankali ya hau tudu, ruwa na zuba daga jikinsa.

Nguavese ta tambaye shi daga inda take, da Hausa, don Ɗanmusa ma ya ji.

"Kowa ya fito?"

"Kowa ya fito."

Ta kwance ɗankwalinta, ta ninke shi, ta ajiye a kan kujera kusa da mijinta. Sannan ta ɗora hannu biyu a ka, ta buɗe baki. Kukan ya ratsa tafkin har tsuntsaye suka tashi, masu kwanduna suka tsaya cik a inda suke. Ɗanmusa ya kifa kansa a kan sitiyari, shi ma ya saki nasa.